Gumin Jidda, Gonar Takarda: Kamfanonin da Ke Neman Kuɗin Mugtaribai

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, mutane suka fara dawowa daga Masar da Bur Sudan da Atbara, wata kasuwa ta buɗe wadda ba ta da rumfa a Suk Omdurman ko Suk Libya. A cikin waya take ci. Duk mai ɗan'uwa a Jidda ko Riyad ko Alƙahira ya san tallan da nake nufi, don na waje ake fara tura wa, shi kuma ya turo wa na gida yana tambaya: "Don Allah ku duba mana, abin nan gaskiya ne?"

Tallan iri biyu ne. Na farko da mugtaribi yake magana, wato ɗan ƙasa mai aiki a waje: ƙasa ta rushe, za a sake gini, kawo riyal ɗinka mu sa a gona ko rukunin gidaje ko tashar wutar sola, ka samu fili da sunanka da riba duk shekara. Na biyu kuwa da wanda ya gaji da ƙasar gaba ɗaya yake: kawo dalarka mu sa a wani aiki a Masar ko Turkiyya ko Amurka, ka samu iƙama ko fasfo kai da iyalinka. Kai ka ce sun yi hannun riga, ɗaya ta dawowa ɗaya ta tafiya. In ka warware su kuwa, saƙa ɗaya ce. Ga mai kuɗi can nesa, ga aikin da bai gani da idonsa ba, a tsakiya ga kamfani yana karɓa daga nan yana miƙawa can, yana cire nasa tun ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Ni malamin lissafi ne a wata makaranta a Omdurman, shi ya sa 'yan'uwa ke turo mini irin waɗannan takardu in duba. Abin da na lura da shi shi ne, mai kuɗin nan takarda yake saye a zuciyarsa: takardar fili ko takardar zama. Riba daga baya take zuwa. Wanda idonsa ke kan takarda kuwa ba ya bin sawun kuɗinsa, kuma masu kamfanin sun san haka sarai.

Yadda Amurkawa suka tsara nasu

Bari mu fara da inda aka mai da abin nan doka, don a can ake ganin ƙashin bayansa fili. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro wata biza da ake kira EB-5. Baƙon da ya zuba dala miliyan 1 a wata sana'a, ko dala 500,000 in a karkara ne ko yankin da rashin aiki ya yi yawa, ya kuma samar wa mutum 10 cikakken aiki, za a ba shi katin zama na dindindin, shi da matarsa da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba. Biza kusan 10,000 ake warewa a shekara, har da na iyalan.

To, attajirin da ke zaune a Shanghai ina ya san yadda zai buɗe masana'anta a ƙauyen Amurka? Sai a 1992 aka yarda a kafa kamfanonin da ake ce wa cibiyoyin yanki. Aikinsu su tattara kuɗin baƙi da yawa a asusu ɗaya, su ranta wa mai gina otel ko asibiti ko rukunin gidaje, sannan su lissafa wa kowane mai zuba jari gurabe 10 na aiki daga cikin waɗanda ginin ya haifar, har da waɗanda ba kai tsaye ba. Katin da ake fara bayarwa na shekara biyu ne. Sai an tabbatar da guraben aikin nan ake mai da shi na dindindin. A 2022 aka yi wa dokar garambawul, kuɗin ya koma dala 1,050,000, ko 800,000 a yankunan da aka ware, aka kuma wajabta binciken littattafan cibiyoyin.

Yanzu dubi wanda ke cin me. Mai gini ya samu rance mai arha fiye da na banki. Kamfanin tsakiya ya karɓi kuɗin hidima na dubban daloli daga kowane mutum, ya kuma ci daga ruwan rancen. Dillalin da ya kawo mai kuɗin ya karɓi la'adarsa. Shi mai kuɗin, ribar da ke zuwa hannunsa sau da yawa ba ta kai kashi 1 cikin 100 a shekara, kuma bai damu ba, shi dai kati.

Ta wannan kafa aka yi ta shigo da abin da ba shi aka nufa ba. Unguwar Hudson Yards da ke tsakiyar birnin New York, inda attajirai ke zama, ta kwashi sama da dala biliyan 1 na EB-5, bayan an ja taswira an haɗa ta da unguwannin talakawa na Harlem don ta shiga sahun yankunan marasa aikin yi. Wannan ma dai an yi ginin. A jihar Vermont kuwa, a Afrilun 2016 hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta maka masu wurin shaƙatawa na Jay Peak a kotu: sun tara sama da dala miliyan 350 daga ɗaruruwan baƙi, aka zarge su da karkatar da sama da miliyan 200. Masana'antar magunguna da suka yi alkawari a garin Newport ba a gina ta ba, kuma manyansu biyu, Ariel Quiros da Bill Stenger, sun ƙare a gidan yari. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne, cibiyar yankin da ya kamata ta sa musu ido ta gwamnatin jihar ce da kanta. Wannan fa a ƙasar da kotu ke aiki, wuta ba ta ɗaukewa.

Wani abu da mai talla ba zai gaya maka ba: tun watan Yunin 2025 Sudan na cikin ƙasashen da gwamnatin Amurka ta hana 'yan ƙasarsu bizar shiga, har da ta ƙaura, in ban da 'yan rukunai kaɗan da aka keɓe. Duk wanda ya tallata maka hanyar Amurka alhali fasfon Sudan kaɗai ke hannunka, fara tambayarsa wannan.

Masar ta fi kusa da mu, kuma can mutanenmu suka fi yawa tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023. Dokarsu, bayan gyaran 2023, tana ba da jinsiya ga wanda ya ba baitulmali dala 250,000 kyauta, ko ya sayi gida na dala 300,000, ko ya ajiye dala 500,000 shekara uku a mayar masa da fam ɗin Masar ba ƙari. Turkiyya gida na dala 400,000 take nema, a riƙe shi shekara uku. Na san masu karanta wannan shafi da ke da irin kuɗin nan ba su da yawa. Tallan farko, na dawowa gida, shi ne ya fi shafar mu, kuma ba yau aka fara shi ba.

Sundus

Duk ɗan Sudan da ya yi aiki a Saudiyya ko ƙasashen Khalij a shekarun 1990, ambata masa Sundus ka ga yadda fuskarsa za ta canja. Aikin gona ne da aka faro a farkon shekarun 1990 a yankin Jabal Auliya, kudu da Khartum, kusa da madatsar da aka gina kan Farin Nilu a 1937. Tsarin a takarda ba shi da laifi. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kogi a kusa, kasuwar babban birni a bakin ƙofa. Aka je wa mugtaribai da shi har inda suke aiki: sayi hawasharka, wato gonarka a cikin aikin, da kuɗinka za a sayi famfuna a haƙa magudanai, ranar da ka gama bautar ƙasar mutane ka dawo ka tarar da abin dogaro. Mutane suka saya. Ruwa ya ƙi zuwa. Shekaru suka yi ta wucewa ana maganar famfuna da magudanai, jaridun Khartum suka cika da koken masu hawasha, har sunan aikin ya zama abin buga misali in ana zancen kuɗin mugtaribai.

Mai hawashar da ke tuƙin mota a Jidda ba shi da hanyar sanin ko riyal ɗinsa ta tafi haƙa magudana ko biyan albashin ofis. Takarda na hannunsa, lambar fili na kanta, ransa a kwance. Ƙasa ba ruwa kuwa a yankin nan, ai sai dai kiwon ƙura. Kuma a cikin shekarun jiran nan kuɗin ƙasar kansa sau biyu ya sake suna: fam ya koma dinari a 1992, dinari ya koma sabon fam a 2007.

Ba na cewa duk abin da aka taɓa yi da kuɗin waje a ƙasar nan ya lalace. Kamfanin sukari na Kenana, da aka kafa a 1975, wanda gwamnatocin Sudan da Kuwait da Saudiyya ke da jari a cikinsa, ya yi shekaru yana fitar da sukarin da muke shan shayi da shi. Jami'ar Mugtaribin da aka buɗe a Khartum a 2010 ta yaye ɗalibai. Sai dai Kenana gwamnatoci ne masu hannun jarinta, suna da wakilai a majalisar gudanarwa da masu binciken kuɗi. Tela a Makka da ya tara riyal dubu talatin ba shi da ko ɗaya.

Ga kuma tsohon gyambo tsakanin mugtaribi da hukuma. Tun zamanin Numairi aka ɗora wa masu aiki a waje haraji na musamman, kuma shekaru da dama mutum ba ya samun bizar fita in ya zo hutu sai ya bi ta Jihazul Mugtaribin ya biya abin da ake bin sa. Mutumin da ya saba a tatse shi, in wani ya zo masa da murmushi da taswira mai launi, da wuya ya tsaya dogon bincike. Sannan tun Yulin 2017 da Saudiyya ta sa kuɗin wata-wata kan kowane ɗan rakiya, daga riyal 100 har ya kai 400, da yawa suka maido iyali gida, suka shiga neman inda za su binne ɗan abin da suka tara kafin kafil ya ce ya isa.

Mu da takarda

A nan maganar ta zo kanmu, mu Hausawa. Kakanninmu baƙi ne da suka zuba jari a ƙasar nan, amma jarin gumi. Wasu alhazai ne da suka tsaya a hanyar Makka, wasu sun biyo Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin audugar Jazira, wani kamfanin Ingila ne ya riƙe gudanarwarsa har 1950, yana ɗaukar kasonsa na riba. Masu tsinkar audugar da yawansu mutanenmu ne, kuma akasarinsu ba su samu hawasha ba, a kambo suka zauna a gefen gonakin wasu. Da aka zo dokar jinsiya ta 1957 aka ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Ka ga duk wanda ya zo bayan Burmi an bar shi a waje ke nan. Daga baya aka yi ta matso da shekarar har ta dawo 1956, amma tambayar "ina aka haifi kakanka?" ba ta bar tagar ofis ba. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, da ya ci rayuka sama da 100, a kan sarauta da ƙasa ya taso.

Saboda haka in aka ce wa Bahaushen Sudan "fili da sunanka", an taɓa masa wurin da yake ƙaiƙayi tun kaka da kakanni. Ya fi kowa saurin miƙa hannu. Kuma shi ya fi kowa shiga haɗari, don sau da yawa takardunsa ba su cika ba.

Wani kawuna ya yi shekara ashirin da wani abu yana ɗinki a Jidda. Wani kamfani mai zaman kansa, ba zan kama sunansa ba, ya sayar masa da fili a wani tsarin gidaje a gefen Omdurman, biya kashi-kashi. A lokacin lambarsa ta ƙasa ba ta fito ba, sai wakilin kamfanin ya ce ba komai, a rubuta da sunan wani abokinsa, in takardu sun fito a juya. Kawu ya gama biya. Abokin ya rasu. Magada suka ce su dai sun ga sunan ubansu a takarda, kamfani ya ce shi da mai suna ya yi ciniki. Rasitan da kawu ya adana a jakar leda, duk da sunan mamacin aka yanke su. Da ya dawo, gidan haya ya shiga. In na gaishe shi na ce, "Kawu, ina aka kwana kan maganar?" sai ya ce, "Ɗana, bar ta kawai."

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su rarrabewa. Tun dokar 1970 duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Abin da ake sayar maka galibi haƙƙin amfani ne na wasu shekaru, hikir, ba mallaka tsantsa ba. Hiyaza kuwa, wato riƙo ba rajista, ita ce mafi rauni, ko da shugaban unguwa ya buga mata hatimi goma. Takardar da ke magana a kotu ita ce shahadar bahas daga ofishin rajistar filaye, sabuwa, mai ɗauke da sunan mai fili da lambarsa. Yanzu da aka wawashe gidaje da ofisoshi, takardun mutane suka watse, wasu masu filaye suka rasu wasu suna gudun hijira, damina ce ta faɗi wa masu jabu.

Fam da dala

Bari in yi aikina na malami. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 kan dala ɗaya. A Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Gab da yaƙi dala tana wajen fam 600, a 2025 kuwa ta haura 3,000 a kasuwar bayan fage. To, a ce ka ba kamfani dala 10,000 a farkon 2023, ya canja ta zama fam miliyan 6, ya yi maka alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk shekara, kuma ya cika, yana tara maka riba kan riba. Bayan shekara uku kana da fam miliyan 13 da 'yan kai. Mai da su dala kan 3,000: ba su kai 4,400 ba. Kamfani bai ci amanarka ba, ya biya ka "riba", amma fiye da rabin guminka ya narke. Don haka tambayar farko ita ce da wane kuɗi za a mayar maka, kuma a rubuce. A kula ma da bakinmu na Sudan da ke ce wa dubu miliyan tun zamanin tsohon fam. A kwantiragi a rubuta adadi da lamba da kuma harafi.

Maganar alkawarin riba ma akwai zance a cikinta. Irin wannan ciniki, kai da kuɗi wani da aiki, shi bankunanmu ke kira mudaraba, malamanmu na zaure kuma ƙiradi. Sharaɗinsa sananne ne: riba kaso ce daga abin da aka samu, rabi ko sulusi, ba adadi yankakke ba, asara kuma kan mai dukiya take in dai mai juyawa bai yi sakaci ko ha'inci ba. Abin mamaki, dokar EB-5 ma haka ta ce: dole kuɗin ya kasance cikin haɗarin asara, in aka lamunce maka dawowarsa bizar ta ɓaci. Saboda haka mai ce maka "riba tabbas, uwar kuɗi tabbas, kuma halal", ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani. Mutanen Fashir sun ga irin wannan a Suk al-Mawasir, inda ake karɓar kayan mutane da farashin da ya fi na kasuwa a ba su cekin da za a biya nan gaba, ana biyan na farko da kuɗin na baya, har abin ya rufta a 2010 ya bar dubban mutane da takardun banza.

Kada a ce ina hana mutane kawo kuɗi gida. Wallahi da ba don kuɗin na waje ba, da yawanmu ba mu kai yau ba. A watannin da aka rufe mu a Omdurman, abin da ke shigowa ta Bankak shi ya riƙe takiyyoyin unguwanni, tukunyar adas da ful tana kan wuta kullum. A makarantarmu tsofaffin ɗalibai da ke Saudiyya suka haɗa sanduƙ, adashe dai, aka sayi faifan sola da tankin ruwa. Ya yi aiki ne don mai karɓar kuɗin an san gidansu, an san uwarsa, kuma duk mako ana ɗaukar hoton abin da aka saya da rasit a tura. Sai dai sanduƙ ba ya haƙa magudanar ruwa ko gina tashar wuta. Babban aiki sai kamfani, kuma Khartum tana bukatar manyan ayyuka. Matsalar ita ce yadda za a sa kamfani ya ji kunyar da ɗan unguwa ke ji.

Abin da nake ce wa masu turo mini takardu ke nan. A nemi lambar rajistar kamfanin a je wurin Musajjil Tijari a ga sunayen masu shi da daraktocinsa, a kuma tambayi aikin da suka taɓa gamawa, ba wanda suke shirin farawa ba. A tambayi inda kuɗin zai zauna: asusun kamfani a banki, wanda ba a fitar da kuɗi daga cikinsa sai an kai wani mataki na aiki, ko kuwa Bankak ɗin wani mutum? In na mutum ne, magana ta ƙare. A tambayi nawa ne kason kamfanin da na dillali, kuma yaushe suke ɗauka. Wanda ke ɗaukar nasa gaba ɗaya ranar da ka biya, ba abin da ya rage masa a gonarka. Masu zuba jarin su san juna, su zaɓi mutum biyu ko uku da ke da ikon ganin littattafai, don ɗai-ɗai ake cinye mugtaribai. In za ka ba wani taukil, a yi shi a ƙaramin ofishin jakadanci, a iyakance shi ga ciniki ɗaya, kada a bar shi buɗe. Sunanka kuma, ko na matarka ko na ɗanka da takardunsa suka cika. In ba wanda nasa suka cika a gidan, a fara da neman lambar ƙasa, fili ya jira.

Sannan a daina cinikin biri a sama. In an ce gonar tana kudu da Khartum, a tura ɗan'uwa ya bi hanyar Kalakla ya je ya tsaya a kanta da lambar filin a hannu. Ya duba ko akwai ruwa a magudana yau, ya ga famfon da idonsa da abin da ke juya shi, wutar gwamnati ko gas ko sola, ya tambayi makiyaya da manoman da ke kusa ko akwai mai cewa ƙasar ta kakansa ce. Ya kuma yi hattara da inda yake sa ƙafa. Yankin Jabal Auliya ya kasance a hannun Da'am Sari' tun Nuwamban 2023 har Maris na 2025, an gwabza a wurin, kuma har yanzu ana tsintar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a filayen Khartum. Filin da masu kwance nakiya ba su bi ta kansa ba, kada ya shiga, ya tsaya daga bakin hanya ya ɗauko hoto.